Hanyar Shiga Aikin Asibiti, Ɗakin Gwaji da Binciken Jami'a a Hartum da Umdurman

Mai neman aiki a fagen lafiya a babban birnin Sudan, ko likita ne ko ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ko mai son binciken jami'a, yakan tarar cewa ƙofofin aikin bi da bi suke buɗuwa, domin kowace takarda da ya riƙe ita ce sharaɗin samun ta gaba da ita, kuma wanda ya tsallake ɗaya sai ya dawo ya nemo ta ko da bayan shekaru ne. Birnin garuruwa uku ne da ke fuskantar juna a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wato Hartum da Umdurman da Bahri, kuma kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, a cikinsu ne mafi yawan ƙwararrun likitocin ƙasar da manyan asibitocin koyarwa da cibiyoyin bincike suka taru. Yaƙin ya tarwatsa gine-gine da ma'aikata, amma bai sauya jerin matakan da doka ta shimfiɗa ba, saboda haka sanin matakan ya ƙara muhimmanci a yanzu da ake neman hannun da zai sake tayar da abin da ya rushe.

Aikin gwaji a Hartum ya girmi koyar da likitanci da kimanin shekara ashirin, kuma wannan ya bar tasiri a kan yadda ake kallon sana'ar. A farkon ƙarni na 20 attajirin magunguna Henry Wellcome ya ɗauki nauyin kafa ɗakunan binciken cututtukan ƙasashe masu zafi a cikin Kwalejin Gordon, inda Andrew Balfour ya fara aiki a matsayin shugaba a 1903, har daga baya aka ƙera musu ɗakin gwaji a kan jirgin ruwa wanda yake bin kogi zuwa kudu yana ɗibar samfuri. A asibitin Hartum ne kuma likita John Christopherson ya nuna, wajen 1918, cewa allurar sinadarin antimoni tana warkar da tsargiya. Makarantar Likitanci ta Kitchener ba ta buɗe ba sai a 1924, kuma ita ce aka haɗa da Kwalejin Gordon a 1951, suka zama Jami'ar Hartum a 1956. A ƙarshen shekarun 1920 aka gina ɗakin gwajin da aka raɗa wa sunan Lee Stack, gwamnan Turawa da aka kashe a Alƙahira a 1924, wanda shi ne a yau Babban Ɗakin Gwajin Lafiyar Jama'a na Ƙasa, ko da yake mutanen gari har yanzu Istak suke ce masa. Ɗan ƙasa na farko da ya shugabance shi shi ne Mansur Ali Hasib. A ɗaya gaɓar kogin, Umdurman ta yi suna da horar da mata: makarantar ungozomomi da Mabel Wolff ta buɗe a 1921, asibitin haihuwa da ake kira Dayat wanda ya fara aiki a 1957, da Jami'ar Ahfad ta mata zalla, wadda zuriyar Babikir Badri suka kafa a 1966.

Matakin farko: digiri, rajista da imtiyaz

Ɗan ƙasa yana shiga kwalejin likitanci ne da makin da ya samu a jarrabawar kammala sakandare, wadda ake kira shahada sudaniyya, kuma kwalejin likitanci ta Jami'ar Hartum tana cikin masu neman maki mafi tsanani a ƙasar. Tun bayan faɗaɗa ilimi mai zurfi da aka yi a farkon shekarun 1990, makarantun likitanci sun yawaita ƙwarai, na gwamnati irin su Nilain da Jami'ar Musulunci ta Umdurman, da kuma masu zaman kansu, abin da ya sa yawan masu kammalawa ya zarce guraben horon da asibitoci ke iya bayarwa. Wannan shi ne tushen jiran da sababbin likitoci ke yi, wani lokaci na watanni masu yawa, kafin a tura su horo.

Hukumomi biyu ne ke riƙe da rajista, kuma kuskure ne babba a rikita su. Majalisar Likitanci ta Sudan ita ke yi wa likitoci da likitocin haƙori da masu ilimin haɗa magunguna rajista, yayin da Majalisar Ƙasa ta Sana'o'in Likitanci da Lafiya ke kula da ma'aikatan ɗakin gwaji da na jinya da ungozomomi da masu ɗaukar hoton cikin jiki da makamantansu. Sabon likita yakan yi rantsuwar aiki ya karɓi rajistar wucin gadi, wadda ake kira tasjil tamhidi, sannan Ma'aikatar Lafiya ta tura shi imtiyaz, wato horon kimanin shekara guda a ƙarƙashin kulawar manya, inda zai zagaya sassa huɗu: cututtukan cikin jiki, tiyata, yara, da haihuwa da cututtukan mata. A ƙarshen kowane zagaye shugaban sashen ne ke sa hannu a takardar shaida, kuma wajibi ne ɗan imtiyaz ya karɓi wannan sa hannun kafin ya bar asibitin, domin bin sawun ƙwararren likitan da ya koma Saudiyya ko Ailan don sa hannu ɗaya wahala ce da mutane da yawa suka ɗanɗana. Bayan imtiyaz sai jarrabawar rajista ta dindindin, tasjil da'im, wadda da ita ne mutum ke zama tabib umumi, likitan da ya cancanci duba marasa lafiya da kansa. Akwai kuma hidimar ƙasa, khidma wataniyya, wadda ma'aikatan lafiya kan yi a asibitoci, kuma shaidar kammala ta tana cikin takardun da ake tambaya wajen ɗaukar aikin gwamnati, wanda yake bi ta hannun hukumar zaɓen ma'aikata ta tarayya ko ta jiha.

Wanda ke son ƙwarewa zai nufi Hukumar Ƙwarewar Likitanci ta Sudan, wadda aka kafa a 1995. Yakan ci jarrabawar kashi na farko, ya zama na'ib, wato likita mai neman ƙwarewa, ya yi kimanin shekara huɗu yana zagaya asibitocin da hukumar ta amince da su, ya rubuta kundin bincike, sannan ya zauna jarrabawar ƙarshe ya fito ikhtisasi, daga nan kuma bayan wasu shekarun aiki ya kai matsayin istishari, babban ƙwararre. Kundin nan da yawancin na'ibai ke ɗauka a matsayin nauyi da za a sauke a huta, shi ne damar farko, kuma ga wasu ita ce kaɗai, ta koyon yadda ake tsara tambaya da tattara bayanai da fassara alƙaluma, kuma na'ibin da ya yi shi da gaske har ya wallafa shi a mujalla ya riga ya sa ƙafa ɗaya a jami'a.

Aikin ɗakin gwaji

Digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti yana ɗaukar shekara huɗu ko biyar gwargwadon jami'a, kuma a ƙarshensa ɗalibi kan zaɓi ɗaya daga fannoni biyar: ilimin jini da ajiyarsa, ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta, gwajin sinadaran jiki, ilimin tsutsotsi da ƙwarin da ke yaɗa cuta, ko nazarin yankan nama da ƙwayoyin halitta, wanda da shi ake tabbatar da ciwon daji. Zaɓin yana da sakamako a kasuwar aiki. Gwajin jini da na sinadarai sun fi samun gurbi a ɗakunan gwaji masu zaman kansu, domin su ne likitoci ke rubutawa kowace rana, amma injuna ne ke yin mafi yawan aikin, ga kuma masu takardar suna da yawa, don haka ladan kaɗan ne. Nazarin yankan nama gurabensa ba su da yawa, sai dai wanda ya iya shi ba ya rasa mai nema. Fannin tsutsotsi da ƙwari kuwa, wanda wasu ɗalibai ke gudu saboda yana kai mutum ƙauye, shi ne ya fi kusa da binciken da ke samun tallafin ƙetare. Bayan digiri sai jarrabawar izinin aiki a majalisar sana'o'in lafiya, kuma babu ɗakin gwaji mai mutunci da zai bar wanda ba shi da wannan izini ya sa hannu a sakamako.

Masu ɗaukar aiki sun san cewa takarda ba ta nuna hannu, sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin da aka fi jarraba sabon ma'aikaci da shi shi ne na zazzaɓin cizon sauro. Ana ɗiga jini a kan gilashi a yi shimfiɗa biyu, mai kauri wadda ake neman ƙwayar cutar a cikinta, da siririya wadda ake gane nau'inta da ita. Siririyar kaɗai ake kafewa da sinadarin metanol, domin idan ya taɓa mai kaurin jajayen ƙwayoyin jini ba za su fashe ba, kuma ba za a ga abin da ke cikinsu ba. Daga nan a rina da rinin Giemsa wanda aka sirka da ruwa mai ma'aunin tsami 7.2, kashi 10 cikin 100 na tsawon minti 10 idan ana gaggawa, ko kashi 3 cikin 100 na minti 45 zuwa 60 idan gilasan suna da yawa, a wanke a hankali, a bari ya bushe, sannan a duba a madubin likita da ɗigon mai. Ƙa'ida ita ce kada a rubuta cewa babu cuta sai an duba aƙalla fage 100 na shimfiɗa mai kauri. Nau'in falsifarum ne ya fi yawa a Sudan, amma akwai bibaks musamman ta gabas, kuma bambanta su yana sauya maganin da za a bayar. Babbar fitinar sana'ar ita ce rubuta cewa an ga cuta alhali dattin rini ne aka gani, ko don majinyaci ya riga ya zo da yaƙinin cewa maleriya ce ke damunsa kuma ba zai gamsu da wani sakamako ba. Haka abin yake ga gwajin Widal na taifod, wanda rauninsa sananne ne amma ake dogara da shi fiye da kima. Ma'aikacin da ya iya tsayawa a kan sakamakonsa, yana da rajistar da ke nuna ranar da aka haɗa rini da zafin firji na kowace safiya da samfurin tantancewa da aka gudanar, shi ne wanda ayyukan bincike ke ɗauka, domin waɗannan rubuce-rubuce su ne ginshiƙin mizanin ISO 15189 wanda ake auna ingancin ɗakunan gwajin asibiti da shi a duniya.

Jami'a da bincike

Tsanin jami'a yana farawa daga musa'id tadris, mataimakin koyarwa, wanda ake zaɓa daga cikin masu digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, sannan muhadir bayan digiri na biyu, ustaz musa'id bayan digirin digirgir ko takardar ƙwarewa, ustaz musharik, daga ƙarshe farfesa, kuma matakai biyun ƙarshe da yawan wallafe-wallafe da ingancinsu ake hawansu. Albashin jami'a ya daɗe ba ya riƙe gida tun kafin yaƙi, saboda faɗuwar darajar fam ɗin Sudan, shi ya sa malamin likitanci kan koyar da safe ya buɗe iyada, wato ɗakin duba marasa lafiya na kansa, da yamma, malamin gwaji kuma ya ɗauki darussa a kwalejoji masu zaman kansu. Abin da ke raya bincike a zahiri shi ne tallafin da ake nema daga waje, kuma masu bayar da shi cuta suke bi, wanda ya sa shawara mafi amfani ga matashi ita ce ya zaɓi cuta guda da ke addabar ƙasar, ya haɗa ta da fasaha guda da ya ƙware a kanta, ya nemi malamin da ke aiki a wannan mahaɗa.

Cibiyoyi biyu na Jami'ar Hartum sun isa misali. Cibiyar Cututtukan da Suka Zauna a Ƙasa, wadda Farfesa Ahmad Muhammad al-Hasan ya jagoranci kafawa a 1993, ta gina sunanta a kan kala-azar, cutar da wani ɗan ƙaramin ƙuda ke yaɗawa, mai kumbura saifa da kawo zazzaɓi mai tsawo, wadda ke kisa idan ba a yi magani ba, kuma ta fi tsanani a jihar Gadarif. Kafin yaƙi, ɗalibanta na digiri na biyu da na uku suna koyon ilimin garkuwar jiki da na ƙwayoyin gado a Hartum, su ɗebo samfuri a garin Doka da kewayensa, kuma a Hartum aka kafa gamayyar binciken kala-azar ta gabashin Afirka a 2003, wadda ta haɗa Sudan da Habasha da Kenya da Yuganda, kuma gwaje-gwajenta suka kai ga taƙaita magani daga allurar kwana 30 zuwa haɗin magani biyu na kwana 17. Ta biyun ita ce Cibiyar Binciken Maisitoma da Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa a 1991 a Asibitin Jami'a na Soba. Maisitoma, wadda mutanen Sudan ke kira madura ko nabit, kumburi ne da ke fitowa galibi a ƙafa bayan ƙaya ta shigar da ƙwayar cutar, yana huda ƙofofi masu fitar da ƙananan tsaba, yana cin nama da ƙashi a hankali har ya kai ga yanke gaɓa, kuma manoma da makiyaya masu tafiya ba takalmi ya fi kamawa, a wani yanki da ya ratsa Sahel har Nijar da arewacin Nijeriya da Senegal. Aikin wannan cibiya na cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016, kuma a 2017 aka fara a can gwajin maganin fosravuconazole, wanda ake sha sau ɗaya a mako, ana kwatanta shi da itraconazole na kullum, tare da ƙungiyar DNDi da kamfanin Eisai na Japan.

Gwaji irin wannan yana ɗaukar mutane fiye da yadda ake zato. Ban da likitoci akwai mai kula da magungunan gwaji, da ma'aikacin ɗakin gwaji, da mai shigar da bayanai a kwamfuta, da masanin ƙididdiga, da mai bibiyar majinyata a ƙauyukansu, da mai sa ido wanda aikinsa shi ne tabbatar da cewa abin da aka rubuta a fom ya yi daidai da abin da ke cikin fayil ɗin asibiti. Kusan dukkansu ana neman su da shaidar horo a kan ƙa'idojin gudanar da gwajin magani a kan ɗan Adam, horon da ake samu kyauta a intanet cikin 'yan kwanaki, tare da Turancin da ya isa rubuta rahoto. Babu kuma binciken da ke farawa sai kwamitin ɗa'a ya amince da shi, na jami'a ko na Ma'aikatar Lafiya, bayan ya duba takardar neman yardar majinyaci, wadda dole a rubuta ta da Larabcin da mutumin ƙauye zai fahimta, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaida. A yankunan Gadarif da Sinnar da Shuɗin Nilu, inda Hausawa da Fulani suka zauna tun kafin da bayan hijirar da ta biyo yaƙin Burmi na 1903, har garin Mai Wurno ya kafu, ma'aikacin da ke jin Hausa da Larabci yana da abin da digiri ba ya bayarwa.

Abin da yaƙi ya sauya

Kwana goma da fara yaƙin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa mayaƙa sun mamaye ɗakin gwajin Istak, inda ake ajiye samfurin ƙyanda da shan inna da kwalara, sun kori ma'aikata, ga kuma wutar lantarki ta yanke. Cibiyar maisitoma ta Soba an wawashe ta, kuma ajiyar samfurin da aka tara cikin shekaru masu yawa ta salwanta. Ma'aikatu sun koma Fot Sudan, jami'o'i sun koma koyarwa ta intanet ko suka buɗe cibiyoyin jarrabawa a wasu jihohi da ƙasashen waje, har wata jami'ar likitanci mai zaman kanta ta kai ɗalibanta Tanzaniya da Ruwanda. A arewacin Umdurman asibitin Al-Nau ya ci gaba da karɓar raunuka duk da ruwan harsasai, da taimakon ƙungiyar likitoci ta MSF, a unguwanni kuma matasa suka kafa ɗakunan agajin gaggawa na sa kai, waɗanda suka riƙe ƙananan asibitoci da tukwanen abinci na jama'a. Sojojin gwamnati sun karɓe tsakiyar Hartum a watan Maris na 2025, kuma a watan Mayu na shekarar annobar kwalara ta mamaye birnin bayan lalacewar tashoshin lantarki da na ruwa.

Saboda haka guraben da suka fi buɗuwa su ne na tiyatar gaggawa, jinya, ungozomanci, ajiyar jini, wankin ƙoda, sa ido a kan annoba, gwajin tsabtar ruwa, kula da yara masu tamowa, lafiyar ƙwaƙwalwa, da gyaran na'urorin asibiti, kuma ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka fi biya a kan lokaci, ko da yake kwangilolinsu gajeru ne. Tallarsu tana fitowa a shafukansu na intanet da dandalin ReliefWeb, kuma duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba da aiki da sunan irin waɗannan ƙungiyoyi ɗan damfara ne. Aikin sa kai da mutum ya yi a lokacin yaƙi yana da daraja wajen neman aiki, muddin ya samu takarda mai sa hannun likitan da ya kula da shi, mai nuna wuri da kwanan wata da irin aikin.

Takardu kansu sun zama abin tsarewa. Shaidar digiri da bayanin maki ba sa aiki a waje sai an yi musu tausiƙ, wato tabbatarwa daga jami'a, sannan Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, bi da bi, kuma ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna ƙara tantancewa ta kamfanin DataFlow, wanda ke tuntuɓar jami'ar da asibitin kai tsaye, abin da ke tsayawa cik idan ofishin da za a tuntuɓa ya ƙone ko ya ƙaura. Hikima ita ce a tabbatar da takardu tun ba a buƙace su ba, a ɗauki hotonsu mai kyau a ajiye a wuri fiye da ɗaya, a kuma karɓi shaidar kyakkyawan hali daga majalisar rajista dab da lokacin amfani da ita, domin wa'adinta gajere ne.

Ga ɗaliban Nijeriya da Nijar, waɗanda da yawansu suka yi karatun likitanci da gwaji da haɗa magunguna a Jami'ar Afirka ta Duniya, wadda ta samo asali daga Cibiyar Musulunci ta Afirka ta zama jami'a a 1992, ko a Ahfad da sauran kwalejoji, kuma aka kwaso su ta iyakar Masar da Fot Sudan a watannin Afrilu da Mayu na 2023, lissafin ya ɗan bambanta. Aikin gwamnatin Sudan na 'yan ƙasa ne, baƙo kuma yana buƙatar izinin zama da na aiki ban da rajistar majalisa, don haka yawancinsu gida suke komawa. A Nijeriya likitan da ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori kafin ya fara horon shekara guda a asibiti, mai digirin gwaji kuma ya bi ta Majalisar Kimiyyar Gwaje-gwajen Asibiti, kuma majalisun biyu suna duba yadda aka yi karatun, musamman ko an yi shekarun asibiti a gaban gadon majinyaci ne ko ta intanet. Wanda yaƙi ya katse wa karatu a aji huɗu ko biyar yana buƙatar ya riƙe littafin da aka rubuta ayyukan da ya yi a kowane sashe, da sa hannun malamai da hatimin asibitin da ya kammala horon a cikinsa, ya kuma nemi sanarwar majalisar ta shekarar da zai zauna jarrabawa kafin ya biya kuɗin komawa wata jami'a.